Guzuri a gonar wani: mahajjatan ƙasa da cirar kaɗa a Jazira ta Sudan

0. Gabatarwa

Duk amfanin gonar da ake tsinka da hannu, inabi ne ko lemo ko kaɗa, matsalarsa guda ce: mai gona yana bukatar hannuwa masu yawa na ƴan makonni, sa'an nan ba ya da abin da zai ba su sauran shekara. Mutanen gari ba su isa aikin ba, kuma ba mai zama jiran sana'ar wata biyu. Shi ya sa a ƙasashe da dama aka dogara ga matafiyi, wanda zai yada zango, ya tsinka, ya karɓi abin da zai kai shi gaba. A yau in aka ambaci irin wannan aiki, hankali yakan tafi ga samarin Turai masu jaka a baya da ke tsinkar ƴaƴan itace a Ostireliya, ko ga ɗaliban da ke zuwa tsinkar inabi a Faransa (les vendanges) cikin watan Satumba. A wannan maƙala za mu duba wani misali da ya shafe mu kai tsaye, wato Hausawa da maƙwabtansu da suka nufi Makka ta ƙasa, suka riƙa neman kuɗin hanya da cirar kaɗa a gonakin Jazira ta Sudan tun daga 1925.

Binciken ƙaura a Nijar ya fi fuskantar kudu. Jean Rouch ya bi masu zuwa Gwalkwas tsakanin 1953 da 1955, R. M. Prothero ya ƙidaya masu cin rani da ke ƙetare koguna daga lardin Sakkwato a ranin 1952-1953, cikinsu har da mutanenmu. Hanyar gabas kuwa an bar wa masu tarihin addini, kamar dai mahajjaci ba ya cin tuwo. Ra'ayin da za mu kare shi ne, hanyar hajji hanyar ƙodago ce, kuma sunan « matafiyi » da ma'aikacin ya ɗauka, ko aka ɗora masa, shi ne ya ƙayyade abin da aka biya shi da abin da aka hana shi.

1. Kalmomin aiki da na tafiya

Hausa ta bambanta ire-iren aikin kuɗi a gonar wani. Ƙodago shi ne sunan gama-gari. Ɗan barema, kamar yadda ake cewa a yankunanmu, shi ne wanda ake ɗauka noma a biya shi. Jinga kuwa ciniki ce a kan aikin kansa, ko ya ɗauki yini ko ya ɗauki mako. Ta fannin tafiya muna da cin rani, wanda ma'anarsa ta asali tana cikin rumbu: mutum ya ɗauke bakinsa daga gida har damina ta faɗi, don hatsin ya kai sauran iyali. Muna da biɗa, wadda mutanen Adar da Gobir suka fi amfani da ita ga abin da Faransanci ke kira « exode ». Dukansu suna ɗauke da alkawarin komowa gida kafin shuka.

Mahajjacin ƙasa bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Yana aikin ɗan barema, ana biyan shi kamar mai jinga, lokacin aikinsa rani ne, amma fuskarsa ba ta duban gida. Abin da ya samu ba ya kiransa riba ko albashi, guzuri yake kiransa. Wannan bambanci na suna yana da nauyi, domin mai neman albashi yana auna kuɗinsa da abin da zai riƙe iyali shekara, mai neman guzuri kuwa yana auna shi da nisan zango na gaba.

Akwai tushen fiƙihu ga wannan hali. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasashenmu, ikon zuwa hajji bai rataya ga mallakar guzuri da abin hawa tun daga gida ba. Muhtasar na Halil, da ake karantawa a zaurukan malamai daga Agadas har Kano, ya lissafa mai iya tafiya a ƙasa wanda ke da sana'ar da za ta riƙe shi a hanya cikin waɗanda hajji ya wajaba a kansu. Talaka mai lafiya da ya san wannan hukunci ba ya ganin dalilin jiran dukiya. Ƙarfinsa shi ne guzurinsa.

A Sudan an ba waɗannan mutane suna biyu. Na farko Takruri, jam'insa Takarir ko Takarna, daga Takrur, tsohuwar daular bakin kogin Senegal da al-Bakri ya ambata a ƙarni na 11. Larabawan gabas sun shimfiɗa sunan a kan duk baƙin mutum da ya fito daga yamma. Na biyu Fallata, wanda a Barbarci Filani kawai yake nufi, amma a bakin mutanen Nilu ya haɗiye Bahaushe da Babarbare da Bazabarme. Za mu komo kan sunayen nan biyu.

2. Hanyar gabas

Daga Kano zuwa bakin Bahar Maliya ya fi kilomita 3 000 ko da a miƙe ne. Babbar hanya a ƙarni na 20 tana bi ta Yarwa, Kusuri da Fort-Lamy (Njamena ta yau), Abeshe, Janaina, Fashir, har Al-Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso a 1912. Daga nan sai Kosti da Sannar, sai tashar Sawakin, inda ake tsare mahajjata don binciken lafiya kafin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Mutumin Damagaram yana iya gangarawa Kano ya shiga ayari, ko ya bi ta Gure da Ngigmi ya zagaye tafkin Cadi ta arewa.

Hanyar tsohuwa ce, amma abubuwa uku sun cika ta da mutane a farkon ƙarni. Na farko zuwan Nasara. Bayan yaƙin Burmi a Yuli 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da waɗanda suka tsira, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar wajen 1906. Garin har yau sunansa Mai Wurno, kuma ya zama masauki ga duk mai zuwa daga yamma. Na biyu, hanyar ta yi sauƙin bi bayan mutuwar Rabe a Kusuri a 1900, da kama Abeshe a 1909, da faɗuwar Ali Dinar na Darfur a 1916. Na uku ya fi shafar ɓangaren Faransa: lanho, da aikin tilas wanda bai ƙare ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta Afrilu 1946, da yunwa irin ta 1913-1914. Wanda ya ce wa kwamanda ya gudu daga aikin hanya mai laifi ne. Wanda ya ce ya tafi Makka, ko hakimi sai ya yi masa addu'a.

Hukumomin mallaka biyu ba su so wannan tafiya ba. Suna tsoron Mahadiyanci, har Ingilishi suka aika G. J. Lethem ya bi sawun mutanen Nijeriya zuwa Sudan da Jidda a tsakiyar shekarun 1920. Sun ƙirƙiro fasfo na mahajjata, da takardar izini, da kuɗin ajiya na komowa. Abin lura shi ne, a daidai lokacin da Nasaran Kaduna da na Damagaram ke neman rage masu fita, Nasaran Khartum na murnar isowarsu.

3. Jazira

3.1. Wa ke da gona, wa ke cira

Jazira ita ce shimfiɗar ƙasa tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, kudu da Khartum. Masaƙun Lankasha a Ingila suna neman kaɗa mai dogon zare irin ta Masar. An gwada noman ta da famfo a Tayyiba a 1911, aka kammala madatsar ruwa ta Sannar a 1925, aka buɗe fadan 300 000 (fadan guda hekta 0,42 ne, wato jimilla hekta 126 000). Tsarin na mutum uku ne: gwamnati ke da ruwa da magudanai, kamfanin Sudan Plantations Syndicate ke shugabanci da gurzar kaɗa da sayar da ita, manomi kuma aka yanka masa gona, wadda ake kira hawasha, ta fadan 30, goma daga ciki kaɗa dole. Manomi na da kashi 40 bisa 100 na kuɗin kaɗa, gwamnati 35, kamfani 25. Daga baya rabon waɗannan biyun ya koma 40 da 20.

A takarda, manomi da iyalinsa ne za su yi aikin. A fili hakan bai yiwu ba. Kaɗa ba ta buɗewa lokaci guda, sai an bi gona sau da dama, kuma wadda ta daɗe a kara takan faɗi ta ɗauki ƙasa, darajarta ta ragu. Fadan goma sun fi ƙarfin gida guda. Ban da haka, da yawa daga waɗanda aka ba hawasha iyayensu bayi ne ke yi masu noma, kuma bautar tana mutuwa a hankali a wannan zamani, kamar yadda Ahmad Sikainga ya nuna a littafinsa na 1996. Sunkuyawa a gona aikin bawa ne a idonsu. Gurbin da bawa ya bari, shi baƙo ya shiga, tare da rainin da ke manne da gurbin.

Yadda kuɗin ke gudana ya cancanci a tsaya a kansa. Kamfani ba ya ɗaukar mai cira. Yana ba manomi rance, manomi ya ɗauki mutane, a cire rancen daga kasonsa bayan an sayar da kaɗa. Ke nan duk abin da manomi ya ƙara wa mai cira, daga aljihunsa ya fita, alhali kason gwamnati da na kamfani bai taɓu ba. Ana biya gwargwadon abin da aka ciro, wato jinga ce da ake aunawa da kwando. Wannan ya sa gida duka ke shiga gona, mata da yara har da tsofaffi, don kowane hannu na ƙara awo. Mahajjacin da ya taso da iyalinsa, wanda a hanya nauyi ne gare shi, a Jazira ya fi gwauro amfani. Kamfani ya bari a kafa masu ƙauyuka a gefen magudanai, bukkoki a kan ƙasar da ba tasu ba. Larabcin Sudan ya ari kalmar Ingilishi ta sansani ya kira irin wannan mazauni kambo, jam'i kanabi.

3.2. Kalanda biyu

Ga wani lissafi da muke ganin yana bayyana abu da yawa. Ana shuka kaɗar Jazira wajen Agusta, a cire ta daga Janairu zuwa Afrilu. Wannan kalandar rana ce, ba ta motsi. Hajji kuwa na bin wata, yana matsowa da kwana 11 kowace shekara. A 1930 Babbar Salla ta faɗo farkon Mayu: mai cira na iya gama aikinsa da wuri ya ruga Sawakin. A 1931 ta faɗo ƙarshen Afrilu, a 1935 tsakiyar Maris, a 1941 farkon Janairu. In aka tuna cewa sai an bar gona makonni kafin ranar Arfa, saboda jirgin ƙasa da tsarewar lafiya da ƙetare teku, za a ga cewa kusan shekara goma cur lokacin tafiya ya hau kan lokacin cira. Wanda ya tsaya ya ciri kaɗa ya rasa hajjin bana. Wanda ya tafi bai sami kuɗin jirgi ba. Mafita ɗaya ce: ya yi cirar bana, ya riƙe kuɗin wata tara ko goma, ya tafi baɗi. Amma cikin watannin nan zai ci, zai yi ciwo, matarsa za ta haihu, kuma mai kanti na nan da shail, wato bashin da ake biya da amfanin gona kafin ya nuna. Kafin baɗi guzurin ya zama abinci.

Shekarun nan kuma su ne na karyewar kasuwar duniya. Farashin kaɗa ya faɗi bayan 1929, cututtuka suka lalata amfanin farkon shekarun 1930, manoma da yawa suka watsar da hawasha. Kamfani ya miƙa wasunsu ga mutanen yamma, waɗanda suka karɓa. Mai hawasha kuwa ba ya barin gona wata uku. Haka zango ya zama gari. C. Bawa Yamba, wanda ya zauna a ƙauyukan Hausawa na Jazira ya wallafa bincikensa a 1995, ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda suka taso daga gida, an haife su a Sudan, ba su taɓa ganin Makka ba, suna kiran kansu mahajjata a kan hanya, suna ƙin gina ɗakin da zai nuna sun zauna. Yamba ya fassara wannan ta fuskar aƙida, kuma bai yi kuskure ba. Sai dai muna ganin ya kamata a ajiye kalanda da littafin bashin mai kanti kusa da aƙidar. Mark Duffield, a nazarinsa na Mai Wurno (1981), ya fi karkata ga wannan ɓangare.

4. Mai riƙe da ƙofa

A nan kwatanci da masu tsinkar ƴaƴan itace na wasu ƙasashe yana da amfani, ko da yake tazarar da ke tsakanin ɗan Jamus mai hutu da Bahaushe mai sanda da buta ba ƙarama ba ce. Ostireliya ta buɗe bizar hutu da aiki a 1975. A 2005 ta ƙara wani sharaɗi: wanda ya yi kwana 88 yana aikin gona a karkara, za a ba shi shekara ta biyu. Tun daga nan abin da matashin ke nema a gonar lemo ko ta ayaba shi ne shaidar kwanakinsa, kuma mai gona ke ba da ita. Binciken da hukumar kula da haƙƙin ma'aikata ta ƙasar ta fitar a 2018 ya tarar fiye da rabin masu ɗaukar aikin da aka bincika sun karya doka, kuma sai a 2022 aka tilasta wa masu biyan jinga a gonakin ƴaƴan itace kada abin da suka biya ya gaza mafi ƙarancin albashin awa.

Faransa ta bi wata hanya. Ofishin shige da fice da ta kafa a 1945 ya riƙa kawo dubun-dubatar ƴan Ispaniya cikin jiragen ƙasa na musamman don inabin Langedok, sa'an nan yarjejeniyoyin 1963 da Maroko da Tunisiya suka kawo « saisonniers » masu kwangilar ƴan watanni, waɗanda komowarsu baɗi ta dogara ga mai gona ya sake neman su da suna. Injin tsinka ya rage bukatar hannu tun daga shekarun 1970, ban da inda doka ta hana shi, kamar Shampan. A can ne a Satumba 2023 aka gano mutum fiye da 50, mafi yawansu daga Mali, Muritaniya, Senegal da Kodibuwa, an cusa su a wani kango ba tsabta, kuma kotu ta ɗaure waɗanda suka ɗauke su a Yuli 2025 bisa laifin safarar mutane.

Abin da ya haɗa misalan nan da Jazira shi ne, ma'aikacin yana neman wucewa ta wata ƙofa, biza ce, ko kwangilar baɗi, ko tikitin Sawakin, kuma kuɗin tsinka mabuɗi ne kawai. Mutum a wannan hali ba ya yajin aiki, ba ya kai ƙara, don yana ganin gobe ba ya nan. Lokacin da manoman Jazira suka yi babban yajinsu a 1946 a kan kuɗin ajiyarsu da ke hannun hukuma, rigimar tsakanin masu hawasha ce da kamfani da gwamnati. Kason mai kwando ba ya cikin abin da aka tattauna.

5. Bayan hanya ta mutu

A 1950 kwangilar kamfani ta ƙare, gwamnati ta karɓi Jazira, aka faɗaɗa ta da yankin Manakil daga ƙarshen shekarun 1950 har girmanta ya kusan ninkawa. Bukatar masu cira ta ƙaru, amma yanzu mafi yawansu daga Darfur da Kordofan da Cadi suke fitowa. Ta ɓangaren yamma kuwa motoci sun maye gurbin ƙafa da jaki bayan yaƙin duniya na biyu, jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano a shekarun 1950. J. S. Birks ya tarar da masu bin ƙasa a Cadi da Darfur har farkon shekarun 1970, amma tafiyar da a da kowa ke yi ta zama ta wanda bai da kuɗin jirgi.

Waɗanda suka rage a Sudan sai suka haɗu da takarda. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba ke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Wannan rana ta riga Burmi da shekara biyar da rabi, don haka ta fitar da mutanen Mai Wurno kansu. A farkon shekarun 1970 aka matso da ita zuwa 1 ga Janairu 1924, wato kafin a buɗe madatsar Sannar, abin da ya sake barin masu cirar kaɗa a waje. Sai dokar 1994 ta kawo ta 1956. Tsakanin nan an daina ba wanda ba ɗan ƙasa ba hawasha, sai dai ya yi noman raba-daidai da mai ita. Kalmar Fallata ta zama kusan zagi, tana nufin baƙo ko da an haifi kakansa a Wad Madani. Mutanen da suka ce su masu wucewa ne, hukuma ta riƙe su a kan maganarsu.

Sakamakon bai tsaya a littattafan tarihi ba. A 2022, a jihar Shuɗin Nilu, neman da Hausawa suka yi na a ba su sarautar gargajiya tasu ya tayar da faɗa da maƙwabtansu a kan wa ke da ƙasa, ɗaruruwan mutane suka mutu tsakanin Yuli da Oktoba. A Janairu 2025, lokacin da sojan Sudan ya ƙwace Wad Madani daga hannun dakarun RSF, an kai hari kan wasu kanabi bisa zargin goyon bayan abokan gaba. A Kambo Tayba kaɗai ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙidaya aƙalla mutum 26. Mazauna wannan kambo asalinsu yammacin Sudan ne, ba Hausawa ba, amma matsayinsu shi ne wanda aka tsara wa mai cira tun 1925: bukka a gefen magudana, a kan ƙasar da ba a rubuta da sunansa ba.

Ta fannin harshe, Al-Amin Abu-Manga ya bayyana a 1999 yadda Hausar Sudan ta sha Larabci a kalmomi da furuci, amma ba ta mutu ba. Kalmar Takruri kuwa ta yi tafiyar da masu ita da yawa ba su yi ba: ta je Hijaz, ta komo gida. A Hausar Kano da Maraɗi ta yau, takari ko ɗan takari shi ne wanda ya shiga Saudiyya da sunan hajji ko umra, ya ƙi komowa, yana wanki ko talla ko aikatau ba takarda, yana ɓuya daga ƴan sanda har ranar da za a kama shi a sa shi jirgi.